Zan je Liverpool bikin yaye 'yata a Disamba, ina ya kamata mu kai ƙafa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Liverpool. 'Yata ta kammala digirinta na biyu a can, an sa bikin yaye su cikin Disamba, kuma in Allah ya yarda ni da mahaifiyarta za mu halarta. Biza ta riga ta fito. Bayan bikin muna da 'yan kwanaki kafin mu koma Landan mu hau jirgi. Na tambayi yarinyar wuraren gani, ta ce ita daga ɗaki sai laburare sai kanti, garin ma ba ta san shi ba. Ni kuwa ba na son in biya wannan kuɗin jirgi in dawo Kano ban ga komai ba sai otal da zauren biki. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiyar ƙasa ba za ta yiwu ba. Ina ya cancanci zuwa, ina ne ɓata lokaci?

Na-Salah:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sanya alheri, Allah ya sa karatun ya amfani al'umma. Baba, Anfield, filin ƙwallon kulob ɗin Liverpool, za ka fara zuwa, sauran su biyo baya. Ana zagayawa da baƙi cikin filin, a shiga da ku ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya, ku bi ta hanyar da suke fitowa fili, ku zauna a kujerar koci, sannan ku ga kofunan zakarun Turai guda shida a gidan tarihin kulob ɗin. Filin yanzu yana ɗaukar mutum sama da 61,000. A sa Ummi ta sayi tikiti ta intanet tun kafin ku iso, kuma a guji ranar wasa. Bas mai lamba 17 daga Queen Square yana kai mutum kusa da filin, amma saboda ƙafar Mama gara tasi.

Maman Yusra:
Baba, barka da arziki, Allah ya kawo ku lafiya. A garin nake zaune, aikin jinya nake yi. Kafin a zo maganar wurare, bari in faɗa muku abin da zai tsara muku tafiyar ko kun so ko ba ku so ba, wato rana. A Disamba sai bayan ƙarfe takwas take fitowa, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk tsakanin sha biyu da huɗu za su same ku. Ke nan duk abin da ake gani a waje a yi shi da safe, na cikin gini a bar shi zuwa yamma.

Sai iska. Iskar kogin Mersey lema ba ta jure mata, juya ta take yi ta karya. Ku nemi rigar sanyi mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu, da takalmi rufaffe. Mama ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin zani.

Ni a ganina ku fara da bakin ruwa, wurin da ake kira Pier Head. Shimfiɗaɗɗen wuri ne, ba hawa ba gangara. Nan manyan gine-ginen nan uku suke, har da Royal Liver Building na 1911 mai tsuntsaye biyu a kan hasumiyoyinsa, wanda fuskar agogonsa ta fi ta Big Ben ta Landan faɗi. Gefensu kuma ga Museum of Liverpool, shiga kyauta, akwai lifta, akwai wuraren zama, ana ma ba da aron keken marasa lafiya in an tambaya. Daga nan zuwa Albert Dock tafiyar 'yan mintuna ce, sai dai wasu wuraren daɓen duwatsu ne marasa daidai, Mama ta bi a hankali. Gidajen tarihin gwamnati duk kyauta ne, amma a duba kafin a fita domin yawanci ba sa buɗewa ran Litinin.

Malamin Tarihi:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Abin da 'yar'uwa ta faɗa daidai ne. Ni abin da zan ƙara, in ka tsaya a Pier Head ɗin nan ka san a ina kake tsaye. Babu wani gari a Ingila da arzikinsa ya sarƙe da ƙasarmu kamar Liverpool, kuma mafi yawanmu muna zuwa mu ɗauki hoto mu tafi ba mu sani ba.

Ka nemi wani gini na tunawa da Sir Alfred Jones, yana nan a Pier Head. Shi ne mutumin da ya riƙe kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, waɗanda suka yi ta safara tsakanin Liverpool da Firitawun da Takoradi da Legas shekaru da dama. Shi ne ya kafa Bank of British West Africa a 1894, bankin da ya rikiɗe ya zama First Bank ɗin da muke shiga yau, kuma babban ofishinsa na farko a Liverpool yake. Shi ne kuma ya ba da kuɗin kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a 1898, ta farko irinta a duniya, inda Ronald Ross ya koyar, wanda ya tabbatar sauro ne ke yaɗa zazzaɓi ya samu kyautar Nobel a 1902. Ba don ƙaunarmu kaɗai aka kafa ta ba, ma'aikatansu ne ke mutuwa a gaɓar tekunmu, ciniki yana tsayawa. Amma ilimin ya amfane mu, har yau likitocinmu na zuwa can karatu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu hanyar zuwa Legas, daga Legas kuma sai jirgin ruwa zuwa Liverpool. Manja, auduga, kuza, fatu da ƙiraga, duk wannan hanyar tekun suka bi. John Holt da kakanninmu suka yi hulɗa da shi kamfanin Liverpool ne. Waɗannan jajayen sito-sito na Albert Dock da aka buɗe a 1846, da bulo da dutse da ƙarfe aka gina su ba katako don gudun gobara, an yi su ne domin ajiye kayan da jirage ke kawowa daga nesa. Yau shaguna ne da wuraren cin abinci.

Kafin manja da gyaɗa kuwa, mutane ake ɗauka. Daga 1699 zuwa 1807 jiragen Liverpool sun yi tafiya kusan 5,000, sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙetaren teku. A shekarun 1790 kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin bayin Birtaniya a hannun 'yan kasuwar garin nan yake. Gidan tarihin bauta da aka buɗe a Albert Dock a 2007 shi ne wurin da zan fara tura ka, sai dai an rufe shi tun farkon 2025 domin gyara da faɗaɗawa, tare da gidan tarihin jiragen ruwa da suke gini ɗaya. Amma garin kansa shaida ne. Ka ɗaga kai ka dubi bangon Town Hall a ƙarshen Castle Street, za ka ga an sassaƙa fuskokin baƙar fata da giwaye. Tituna irin su Tarleton da Cunliffe sunayen gidajen da suka yi arziki da wannan cinikin ne.

Na-Salah:
Malam, da girmamawa, Baba murna ya je yi. 'Yarsa ta gama karatu, ya tara kuɗi ya ɗauki Mama za su ga duniya, sai a ɗora musu baƙin cikin shekara ɗari uku? Akwai lokacin karatun tarihi. Mutum ya je ya ga abin da zai faranta masa rai ya dawo ya ba jikoki labari.

Malamin Tarihi:
Ƙanena, ban ce kada ya je Anfield ba. Cewa na yi ya san abin da idonsa ke kallo. Kuma su kansu mutanen garin ba su ɓoye ba, majalisar birnin ta nemi afuwa a hukumance a 1999. In su da kakanninsu suka aikata suna koya wa 'ya'yansu a makaranta, mu da aka ɗebi namu ne za mu kau da kai?

Baban Ummi:
Na-Salah, Allah ya yi maka albarka, na fahimci nufinka. Amma maganar Malam ta taɓa ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kamasho ne na gyaɗa, a kasuwannin ƙauye yake saye yana kaiwa kanti. Ina yaro na ga dalar gyaɗa da idona, ana cewa ƙasar Turawa za a kai. Ban taɓa tambayar wane gari ba. Malam, ci gaba, ina saurare.

Bazamfare:
Ni ina da ja kan yadda muke ba da wannan labarin. Kullum Bature ya yi, Bature ya yi. Waye ya kai mutanen bakin teku ya sayar? Kuma a ƙasarmu fa? Akwai kasuwannin bayi a garuruwanmu, akwai rinji, sai a 1936 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen bautar gaba ɗaya a Arewa. Su sun gina gidan tarihi sun rubuta laifinsu a bango. Mu ina namu? Idan Alhaji zai tsaya a bakin ruwan nan ya yi tunani, to tunanin ya haɗa da gida.

Malamin Tarihi:
Bazamfare, ba ni da ja da wannan ko kaɗan, kuma a aji ina faɗa wa ɗalibai haka. Sai dai abu biyu ne, ɗaya ba ya wanke ɗaya. Ka ɗauki jirgin Zong a 1781, mallakar wasu 'yan kasuwar Liverpool ƙarƙashin William Gregson, wanda ya taɓa zama magajin garin. An jefa mutum sama da 130 cikin teku da ransu domin a karɓi kuɗin inshora. Da maganar ta je kotu a 1783, ba a matsayin kisan kai aka saurare ta ba, a matsayin rigimar asarar kaya aka saurare ta. Wannan tsari ne da banki da inshora da kotu suka tsaya masa, shi ya sa ya kai girman da ya kai.

Kuma don a fayyace: jiragen Liverpool sun fi zuwa Bonny da Kalaba. Hausawan da aka tsallaka da su, waɗanda sunansu ya fito a boren Bahia na ƙasar Burazil a 1807, ta Legas da maƙwabtanta aka fi fitar da su a jiragen Fotugal da Burazil. Ba na son a koma gida a ce Malam ya ce Liverpool ce ta kwashe Hausawa.

Ustaz Abu Maryam:
Bismillah. Na karanta duka, kuma mamakina har yanzu ba wanda ya ambaci Brougham Terrace. Alhaji, in wuri ɗaya tak za ka je a garin nan, ni nan zan ce.

Wani lauya ne ɗan asalin Liverpool, William Henry Quilliam, an haife shi a 1856. Ya je Maroko, ya ga yadda Musulmi suke rayuwa, ya musulunta a 1887 ya zama Abdullahi. Ya dawo garinsu ya fara kira, aka yi ta jifansu da duwatsu da ƙazanta ana fasa musu tagogi. Bai fasa ba. A Disamban 1889 ya buɗe masallaci a gida mai lamba 8, Brougham Terrace, kan titin West Derby Road. Ya haɗa da makaranta, da gidan marayu, da maɗaba'a inda yake buga jaridar mako-mako mai suna The Crescent. Mutum kusan 600 suka musulunta ta hanyarsa, Turawa 'yan ƙasa, a zamanin Sarauniya Victoria. Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulhamid na Biyu ya ba shi muƙamin Shehun Musulunci na tsibiran Birtaniya.

Ga inda ya shafe mu. A 1894 shi ne aka aiko Legas ya wakilci Sarki Abdulhamid wurin buɗe masallacin Shitta-Bey, wanda har yau yana nan a titin Martins. Sannan a 1896, lokacin da sojan Birtaniya suka nufi Sudan, ya fitar da fatawa cewa bai halatta Musulmi ya taimaka a yaƙi 'yan'uwansa ba. Ka duba, mutum yana zaune a tsakiyar daularsu yana faɗar wannan.

Ya bar garin a 1908, jama'ar ta watse, gidan ya koma ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na hukuma shekaru masu yawa. Musulmin garin ne suka tashi suka karɓo shi suka gyara, aka sake buɗe shi a 2014. Ana sallah biyar, ana Juma'a. Ƙaramin wuri ne, kada ka je da tsammanin hasumiya da ƙubba, jerin gidaje ne farare irin na da. Amma ka yi raka'a biyu a ɗakin da aka yi sallah ana jifa daga waje.

Bakatsiniya:
Allahu Akbar. Ustaz, Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa jin sunan wannan bawan Allah ba. Wai shi ne masallaci na farko a Ingila? Na ji ana cewa na Woking ne.

Ustaz Abu Maryam:
Hajiya, duk a 1889 ne. Na Woking shi ne na farko da aka gina tun daga tushe a matsayin masallaci. Na Liverpool gida ne aka mayar, amma shi ne wanda ya tara jama'ar 'yan ƙasa masu sallah da karatu a kai a kai. Quilliam kansa ya rasu a 1932, kuma a maƙabartar Brookwood kusa da Woking ɗin aka binne shi.

Maman Yusra:
Daga tsakiyar gari zuwa Brougham Terrace tasi bai fi minti goma ba, kuma kusan hanyar Anfield ce, ana iya haɗa su rana ɗaya. Ran Juma'a a je da wuri don wurin yana cika. Akwai kuma masallacin Al-Rahma a Hatherley Street, unguwar Toxteth, wanda ya fi girma, nan Yamalawa da Somaliyawa da mu 'yan Afirka ta Yamma muka fi taruwa. In kun idar da sallah a can, Lodge Lane na kusa, akwai mahauta na halal da gidajen abincin Larabawa da Somaliyawa, shinkafa da naman rago mai zafi wanda Baba zai ci ya ƙoshi. A cikin gari kuma Bold Street akwai wuraren halal da dama, a dai tambaya kafin a zauna.

Ɗan Kaduna:
Ina gaida manya. Tunda an kawo maganar ƙwallo, a yi adalci: kulob biyu ne a garin, kuma Everton ce babba a shekaru. Anfield ɗin ma filin Everton ne daga 1884 zuwa 1892, rigimar kuɗin haya ce ta sa suka tsallaka Stanley Park suka koma Goodison, mai filin, John Houlding, ya kafa Liverpool don kada filinsa ya zauna ba kowa. Kuma in dangantaka da gida ake nema, Daniel Amokachi ɗan Kaduna ne, daga Ranchers Bees ya taso. Shi ya ci Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, Everton ta je ta doke Manchester United ta ɗauki kofin. Bayansa ga Yobo, ga Yakubu, ga Anichebe, ga Iwobi. A 2025 kuma Everton ta koma sabon fili a bakin ruwa, Bramley-Moore Dock, mai ɗaukar sama da 52,000. Alhaji, in ka hau jirgin fito za ka hango shi.

Malamin Tarihi:
Wannan sabon filin yana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2021, bayan ta sa ta a 2004. An cike tsohuwar tashar jirgi da yashi aka yi gini a kai. Ni abin ya dame ni.

Ɗan Kaduna:
Malam, wurin nan kango ne da aka kulle shekara da shekaru, ba mai shiga ba mai gani. Arewacin garin yana cikin yankunan da suka fi talauci a Ingila. Mutane na neman aikin yi. An bar katangar, an gyara tsohuwar hasumiyar, yanzu dubban mutane na taka wurin duk ranar wasa. Wane ne ya fi girmama tarihin, wanda ya kulle ko wanda ya buɗe?

Malamin Tarihi:
Wannan hujjar ita aka kawo mana lokacin da ake yanka ganuwar Kano ana fitar da filaye. Abin da aka cike ba ya tonuwa. Na yarda mutane na buƙatar aiki, ban yarda sai a nan kaɗai za a iya gina fili ba. Amma kada mu ja Alhaji nesa da tambayarsa.

Na-Salah:
Baba, abu ɗaya zan ƙara kan Anfield, don kada a ɗauka wasa ne kawai. A jikin filin akwai wurin tunawa da mutum 97 da suka rasu sakamakon turmutsutsun filin wasa na Hillsborough da ke garin Sheffield ran 15 ga Afrilu 1989, sunayensu a rubuce, wuta na ci ba ta mutuwa. An ɗora wa mamatan laifi, iyalansu suka yi shekara 27 suna neman gaskiya har aka wanke su a 2016. Duk wanda yake son ya gane halin mutanen garin nan ya tsaya a wurin. Kuma filin da dubban Turawa suka riƙa tafa wa Musulmi yana sujada bayan ya ci ƙwallo, Salah da Mane, a garin da aka jefi Quilliam, ni a wurina wannan ma tarihi ne.

Ustaz Abu Maryam:
Wannan magana taka ta ƙarshe na karɓe ta, ɗana.

Baban Ummi:
Madalla. Ummi ta turo mini hoton wata ƙatuwar majami'a, ta ce daga samanta ana ganin garin duka. Ustaz, mene ne hukuncin shiga don kallo? Kuma Hajiya za ta iya hawa?

Ustaz Abu Maryam:
Malamai sun saɓa, Alhaji. Akwai masu karhantawa saboda siffofi da gumakan da ke ciki, akwai masu halattawa in ba ibadarsu za a shiga ba. Ni abin da na natsu da shi, shiga don ganin gini ba lokacin ibada ba babu laifi, da ladabi da kame baki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma ya bari, ba abin da ya rasa na addini.

Ɗan Wusasa:
Baba, ni Kirista ne, kuma ina tabbatar maka ba wanda zai tambaye ka addininka a ƙofa. Ita ce Liverpool Cathedral, majami'a mafi girma a Birtaniya, an fara ginin a 1904 ba a gama ba sai 1978. Wanda ya zana ta, Giles Gilbert Scott, yana da shekara 22 aka zaɓi zanensa, kuma ya rasu bai ga ƙarshenta ba. Shiga kyauta ne, hawa hasumiya ne ake biya. Sai dai game da Mama: lifta biyu ake hawa, sannan akwai matakala 108 da ƙafa. Ban ba da shawara ba. In ganin gari daga sama ake so ba wahala, ku je babban laburaren gari a William Brown Street, daura da tashar jirgin Lime Street. Lifta na kaiwa har rufin, kyauta. Ku kuma leƙa ɗakin karatu na Picton mai zagaye, littattafai tun daga ƙasa har sama. Ummi ma za ta ji daɗinsa.

Bakatsiniya:
Ƙofa ɗaya da laburaren akwai World Museum. Jikokina kifaye da gawarwakin Fir'aunonin Masar suka fi so, ni kuwa sashen Afirka ne ya tsayar da ni. Akwai kayan tagulla na Benin, kuma sun rubuta a fili cewa a harin 1897 aka kwaso su. Da yawa daga sauran kayan wani injiniyan jiragen Elder Dempster ne, Arnold Ridyard, ya riƙa kawowa daga gaɓar tekunmu. Na daɗe a tsaye a wurin, raina bai yi daɗi ba, amma gara da na gani. Malam, Sarkin Katsina Dikko da ya je Ingila a 1921 ai ta ruwa ya tafi ko?

Malamin Tarihi:
Ta ruwa, Hajiya, daga Legas, kuma daga Ingila ya wuce aikin Hajji. Hanyar Legas zuwa Liverpool ita ce hanyar sarakuna da ɗalibai da ma'aikata har jirgin sama ya karɓe ta. Jirgin fasinja na ƙarshe a wannan layin, Aureol, ya daina tashi daga Liverpool a 1972. Dattawanmu da suka yi karatu a Ingila a shekarun 1950, da yawansu Pier Head ne farkon abin da suka gani na ƙasar Turawa bayan mako biyu a kan teku.

Bazamfare:
Ba wanda ya ce komai kan Beatles, shahararrun mawaƙan nan 'yan garin, alhali baƙi da yawa don su suke zuwa.

Maman Yusra:
Gumakansu na nan a Pier Head, za su wuce ta gabansu ko ba su nema ba. Mathew Street kuwa, inda suka yi suna, mashaya ce jere da juna, da dare ba wurin Baba da Mama ba ne. Haka kuma bakin tekun Crosby mai mutum-mutumin ƙarfe guda 100, yana da kyau da bazara, amma a Disamba iska ce da taɓo, ruwan kuma yana dawowa da sauri, ana yawan ceto mutanen da suka maƙale. A bar shi. Jirgin fito na Mersey dai ina goyon baya, zagayen minti 50 ne, akwai ɗaki rufaffe mai ɗumi a ciki, Mama tana zaune za ta ga garin duka ta taga.

Baban Ummi:
Allah ya saka wa kowa. Malam, saura tambaya ɗaya. Gyaɗar da manjan nan, in sun sauka, ina ake kai su? Akwai abin da ya rage da mutum zai gani?

Malamin Tarihi:
Akwai, Alhaji, a tsallaken kogi. Port Sunlight. William Lever ne ya fara gina shi a 1888, masana'antar sabulu da ƙauye guda na ma'aikatansa, gidaje kusan 900, da makaranta da asibiti da lambuna. Sabulun Sunlight da man itatuwa ake yin sa, manja da man ƙwara, shi ya sa idonsa ke kan Afirka. A 1920 kamfaninsa ya saye Niger Company, daga nan aka samu UAC a 1929, uwar kamfanin kuma ta zama Unilever. Ke nan kantunan da suka riƙa sayen gyaɗar Kano, da yawansu asalinsu a wannan ƙauyen yake. Ma'aikatansa na Ingila ya gina musu gidaje masu bayan gida da lambu tun zamanin da talakan Liverpool ke kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A Kwango kuwa, inda ya samu filayen kwakwar manja a 1911, aikin tilas aka sa mutane. Duk mutum ɗaya ne. Masana'antar tana aiki har yau, gidajen akwai mutane a ciki, akwai ƙaramin gidan tarihi, da gidan zane-zane na Lady Lever da aka buɗe a 1922, shiga kyauta.

Maman Yusra:
Zuwa ba wuya. Ku hau jirgin ƙasa na Merseyrail daga James Street, kusa da Pier Head, wanda zai tafi Chester ko Ellesmere Port, kada ku hau na New Brighton ko West Kirby. Ta ƙarƙashin kogin yake bi, kamar minti ashirin kun isa. Saboda gwiwar Mama ku sauka a Bebington maimakon tashar Port Sunlight, ta fi kusa da gidan zanen. Ku tafi da safe, ku ɗauki dadduma, domin azahar da la'asar a can za su riske ku.